Babi Na Huɗu: Yadda Za Ka Mai Da Garejinka Wurin Aikin Ƙarfe

Wannan babi na mutumin da ke da gareji ne a gida, ko wani ɗaki da ba a kwana a cikinsa, kuma yake sha'awar taɓa aikin ƙarfe in ya taso daga wurin nemansa: gyaran ƙyaure, haɗa murhu, ko kujerar zama a ƙofar gida. Ba sai ka gaji ƙira ba. Ka karanta a hankali. Inda ka kakare, koma farkon layin. In ya ƙi, sa wani ya karanta maka, kai kuma ka maimaita da bakinka. Ajiye tef ɗin awo kusa da kai tun yanzu, za mu neme shi.

Darasi Na 1: Share Wuri

Fara da fitar da komai waje: babur, jarkar fetur, tsohuwar katifa, kwalaye, tabarma, buhunan hatsi. Tartsatsin ƙarfe yana zuwa nesa fiye da inda ido ke gani. Ƙa'idar masu kashe gobara ita ce a nisanta duk abin da wuta ke ci daga wurin walda da kamar mita 11. Garejin gida bai kai haka ba, don haka irin waɗannan kaya ba su da wurin zama a ciki. Daɓen ya zama na siminti, a bushe. Ƙofa da taga a buɗe muddin ana aiki. Cika bokiti da yashi ka ajiye a bakin ƙofa. Wutar fetur da ta lantarki ba a zuba musu ruwa.

Wutar gidajenmu volt 220 zuwa 230 ce, kuma tana kisa. Kira mai wayarin ya jawo maka layi na daban zuwa garejin, da waya mai kauri, da soket mai kyau, da wayar nan da ake binnewa a ƙasa. Kada ka soka tsirarar waya a soket ka danne ta da tsinken ashana. In da janareta za ka yi aiki, a waje za ka tayar da shi, nesa da taga. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba marar wari, wadda ke kashe wa mutum jiki ya faɗi bai san abin da ya same shi ba.

Darasi Na 2: Kayan Aiki

Kada ka ci bashi don injin walda tukuna. Kayan hannu za ka fara saya: tef mai mita 5, sikwaya (ƙarfen auna kusurwa mai siffar L), alli, zarton ƙarfe, magagari, guduma, filaya, da abin matse ƙarfe wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Sai farin tabarau na kare ido da safar hannu ta fata. Mutanen Kano sun san Ƙofar Ruwa, na Kaduna sun san Panteka, na Yamai kuma Katako. A irin waɗannan kasuwanni ana samun sabo da na hannu, har da guntayen ƙarfe na koyon yanka. A ganina tsohuwar guduma mai nauyi ta fi sabuwa mai araha. Amma tef da sikwaya ka sayi sababbi, domin tef ɗin da lambobinsa suka goge ɓata maka ƙarfe kawai zai yi.

Aikinka na farko shi ne teburin aikin kansa, da fayif mai kusurwa huɗu mai faɗin santimita 4. Kana bukatar guntaye takwas: ƙafafu huɗu, kowace santimita 85, dogaye biyu na sama, kowanne 120, gajeru biyu, kowanne 52. Gajerun za su shiga tsakanin dogayen ne. Haɗa 52 da 4 da 4, ka samu 60, faɗin teburin ke nan. Kwafi waɗannan lambobi a littafinka kafin ka wuce.

Darasi Na 3: Awo

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, saboda haka a nan za mu daɗe. In ka ji ya yi maka wuya da farko, kada ka karaya. Dattawa da yawa sun zo ajinmu na koyon rubutu ba su taɓa karanta tef ba, yanzu su ke duba wa wasu.

Jawo tef ɗinka. A bakinsa akwai 'yar ƙugiya ta ƙarfe. Nan ne sifiri. Ba a rubuta shi ba, amma daga nan ake fara ƙirga, ba daga lamba 1 ba. Ɗora yatsanka a kan ƙugiyar ka ce "sifiri". Sake faɗa. Za ka ji ƙugiyar tana ɗan motsi gaba da baya. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta, don ta biya kaurin kanta ko ka maƙala ta a bakin ƙarfe ko ka tokare ta da bango. Kada ka buge ta da guduma wai kana gyara ta.

Yanzu dubi jikin tef ɗin. Yawanci jeri biyu ne na lambobi, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Jerin da lambobinsa ke nesa da juna inci ne. Wanda lambobinsa ke kusa da juna santimita ne. Ga yadda za ka gane: ɗora manuninka tsakanin 1 da 2. In yatsan ya rufe wurin duka, santimita ne. In akwai sauran fili, inci ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato ya ɗan fi santimita biyu da rabi. A wannan littafi santimita muke bi, daga farko har ƙarshe.

Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai ƙananan zane. Sun raba wurin gida goma, kowane gida milimita ɗaya. Zanen tsakiya ya ɗan fi sauran tsawo, shi ne milimita 5, rabin santimita. In za ka ƙirga, kada ka sa zanen da lambar ke kai. Wanda ke gabansa shi ne ɗaya.

To, mu auna ƙafar tebur. Maƙala ƙugiyar a bakin fayif. Duba ka tabbata ta kama, ba ta zame ba. Ja tef ɗin a miƙe, kwance a jikin ƙarfen, kada ya karkace. Bi jerin santimita da yatsa: 10, 20, 30, har 80. Daga 80 ƙirga biyar: 81, 82, 83, 84, 85. Tsaya. Kawo idonka daidai saman lambar, kada ka leƙo ta daga gefe. Yi ɗan zane da alli mai tsini.

Saki tef ɗin ya koma gidansa. Ɗauki littafinka ka karanta lambar da ka rubuta. Sake maƙala ƙugiyar, sake ja, sake bi da yatsa har 85. Zanenka yana nan daidai? Madalla, ka yi ƙoƙari. In bai zo daidai ba, goge shi ka sake daga sifiri. Ba abin kunya ba ne, alli ba ya ƙarewa da wuri, ƙarfe kuwa in an yanke an yanke.

Mu sake da gajeren. Ƙugiya a bakin ƙarfe. Jerin santimita, wanda lambobinsa ke kusa da juna. 10, 20, 30, 40, 50. Sai 51, 52. Zane. Saki tef. Duba littafi. Sake aunawa.

Mu sake da dogon. Nan akwai tarko. A wasu tef ɗin, bayan 100 lambobin suna ci gaba 101, 102. A wasu kuma za ka ga an rubuta 1m, sannan lambobi su koma 1, 2, 3. In naka irin na biyun ne, 120 shi ne lamba 20 da ke bayan 1m ɗin. Ka duba naka yanzu ka ga wane iri ne. Yanzu, ba gobe ba.

Jama'a, wannan maganar na yi ta a aji har muryata ta dushe, amma kullum sai an kawo mini guntun da aka auna a jerin inci. An ce 52, mutum ya je ya yanko inci 52, wanda ya haura santimita 132, sannan ya ce fayif ɗin ne bai isa ba. An ce 85, ya auno abin da ya fi shi kansa tsawo, bai ko tsaya ya tambayi kansa wane irin tebur ne wannan ba. Wani kuma ya ce ai ya riƙe lambar a ka, ba sai ya rubuta ba. Haba malam! Kai da ke zuwa ajin koyon rubutu, ina amfanin zuwan in ba za ka rubuta lamba biyu ba? Garaje ba ƙarfi ba ne. Kuɗin ƙarfen nan daga aljihunka ya fito. Rubuta, auna, saki tef, sake aunawa.

In awo biyu sun zo daidai, ɗauki sikwaya. Manna gefenta mai kauri a jikin fayif, ka ja layi a kan zanenka, ka zagaya da shi fuska huɗu. Layin ƙarshe ya haɗu da na farko. Sannan yi alamar X a ɓangaren da ba ka so. Zarto yana cin ƙarfe kamar milimita ɗaya, don haka a gefen X zai bi, layin ya rage a jikin guntun da kake so. Saboda wannan cin ne ba a zana ƙafafu huɗu a jere lokaci ɗaya. Auna ɗaya, yanke, sannan ka auna ta gaba daga sabon bakin. Kuma daga ina za ka fara? Daga ƙugiya. A wane jeri? Santimita.

Darasi Na 4: Yanka

Matse fayif sosai, layin yana kusa da bakin abin matsewa. Haƙoran zarto su fuskanci gaba. Ga fayif irin wannan, nemi ruwan zarto mai haƙora 24 a inci ɗaya; an rubuta lambar a jikinsa. Danna in za ka tura, sassauta in za ka jawo. Bayan yanka, goge bakin da magagari, yana yankan hannu.

In ka samu injin yanka na hannu mai juya faifai, karanta lambar juyi da ke jikin faifan, wato yawan juyin da yake iya ɗauka a minti ɗaya. Faifai mai faɗin milimita 115 yawanci an rubuta masa 13,300. Lambar faifai kada ta gaza ta injin. Kada ka cire murfin kariya don babban faifai ya shiga. Faifan da ya tsage a yar da shi. Zare filogi kafin ka canja faifai, sa tabarau, kuma ba a wannan aiki da babbar riga ko rawani mai lilo.

Jera guntayen sama huɗu a ƙasa. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗaya ɓangaren. Duka biyun su ba ka kusan santimita 134. In sun bambanta, a karkace yake. Daga ƙugiya za ka fara, na faɗa.

Darasi Na 5: Walda

Wannan a gaban mai walda za ka koye shi, littafi ba zai riƙe maka hannu ba. Sandar walda mai lamba 6013, kaurin milimita 2.5, ta ishe ka, wutar injin tsakanin amp 60 da 90. Ɗiga a kowace kusurwa tukuna, sake auna, sannan ka cike. Garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11 dole ce. Tabarau na rana ba ya tare hasken. Ciwon idon da hasken ke jawowa sai bayan wasu awoyi yake tashi, sau da yawa cikin dare. Kada ka ɗiga komai na gida a idon, je asibiti. Kori yara daga wurin. Kada ka yi walda a jikin duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da babu komai a ciki. Hayaƙin ƙarfe mai rufin farin kwano yana sa zazzaɓi.

Darasi Na 6: Tashi Daga Aiki

Kashe wuta, zare filogi, share daɓe. Zauna rabin awa aƙalla ka ga ba abin da ke hayaƙi, sannan ka kulle.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da ƙafafunsa huɗu masu santimita 85, da tef ɗinsa, da littafin da ya rubuta awon a ciki.