Yadda Mai Dawowa Daga Ƙetare Zai Shirya Zaman Ritaya a Tawa

Da wuya ka samu gida a Adar da babu ɗan bida a Abijan, ko Libiya, ko Legas, ko ma Faransa. Da yawansu yanzu furfura ta fito, hankali ya koma gida. Galibi sun yi tanadin gini da na abinci, amma ba su yi tanadin abin da za su cika yini da shi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana fita aiki da asuba, in aka ce ya zauna a ƙofar gida daga hantsi zuwa la'asar, jiki da zuciya duk sai su yi sanyi. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Da farko, ka kammala takardu tun kana can. In aikin albashi ka yi a Kwaddibuwa, ka je ofishin CNPS, wato hukumar fanshon ma'aikata ta can, ka tabbatar an rubuta dukan shekarun da aka cire maka kuɗi, ka kuma tambayi hanyar da fanshonka zai riƙa isowa Nijar. Ƙasashen biyu duk suna cikin ƙungiyar CIPRES mai haɗa hukumomin fansho na ƙasashen Afirka da dama, don haka akwai hanya, sai dai bibiyarta daga nesa akwai wahala. Ka tuna cewa masu biyan fansho sukan nemi takardar shaidar kana raye lokaci zuwa lokaci. Ɗan kasuwa kuwa shi ne fanshon kansa, sai ya ware abin da ba zai taɓa ba.

Sai zaɓen abin yi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kada ka jira sai ka sauke kaya. Ka fara shekara ɗaya ko biyu kafin dawowa, a lokacin da kake zuwa hutu, kuma ka fara da kaɗan.

Ni dai lambu nake fifitawa. Yana fitar da mutum da sassafe, yana motsa gaɓoɓi, ga shi yana haɗa ka da mutane masu sani. Kafin ka biya ko dala, ka je da wanda ya san ƙasa ya duba zurfin ruwa, domin a Adar fadama daban, tudun dutse daban. In kun daidaita, kada ka tsaya ga shaidar baki ko da mai filin ɗan ƙanen mahaifinka ne. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake kira Cofo, har a matakin gari. Ka je da mai gari da shaidu a rubuta. Rigimar fili ta raba zumuncin da ya fi naka ƙarfi.

Albasa ce alfaharin yankinmu, irin Galmi kuwa har Akra da Abijan an san ta. Ana zuba iri bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba, a yi dashe idan sanyi ya shigo, a cire a Maris ko Afrilu. Amma lokacin cirewa kowa ke kai tasa kasuwa, farashi ya faɗi. Wanda ya gina rudu, wato rumbun albasa, ya adana, shi ke ganin riba bayan 'yan watanni. Shawarata ga sabon hannu ita ce kada ya zuba duk filin albasa. Ya yi 'yan fangali, ya sa zogale a gefe, da tumatir da salati na cefanen gida. Zogale ba ya da rigima, kuma kullum akwai mai saye. In da hali, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya fi na fetur kwanciyar hankali, ko da tsadarsa ta fi a farko.

Wanda ya gaji gonar tudu da ta mutu, kada ya raina ta. Manoman Illela da Badagishiri sun farfaɗo da irinta da tassa: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki, sannan a shuka hatsi. A Keita ma, aikin gyaran ƙasa da aka fara a 1984 ya mayar da fako wurin noma. Ka je ka gani da idonka, ka zauna da tsofaffin da suka yi aikin. Kuma in gawo ya tsiro a gonarka, ka bar shi.

In gwiwa ba ta yarda da duƙawa, akwai turka, wato ɗaure dabba a gida ana ciyar da ita ta yi ƙiba don sayarwa. Raguna biyu ko uku sun isa, a saye su watanni kaɗan kafin Layya, a yi musu rigakafi, a tanadi harawa da dusa tun lokacin kaka da suke da araha.

Yanzu maganar labarai. Nijar da ka bari ba ita za ka tarar ba. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. A Satumbar wannan shekarar aka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES da Mali da Burkina Faso, kuma ficewar ƙasashen uku daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A 2025 ɗin ne kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Waɗannan sun shafe ka kai tsaye: fasfon da kake tafiya da shi, hanyar da kayanka za su biyo tun da iyakar Benin ta samu matsala, da yadda 'ya'yanka da ke can za su riƙa zuwa. Kafin ka yi lodin kaya, ka tambayi ofishin jakadanci da direbobin da ke bin hanyar a wannan watan, ba wanda ya bi ta bara ba.

Ka yanka wa labarai lokaci, kamar safe da bayan magariba. Ka saurari Muryar Sahel don jin sanarwar hukuma, ka haɗa da shirin Studio Kalangou da gidajen rediyo masu zaman kansu, sannan ka kwatanta. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, kada ka tura wa kowa. Dattijon da ya zauna waje ana ɗaukar maganarsa da nauyi, in ya yaɗa ƙarya ta fi saurin shiga. Labarin tsaro kuwa a wurin mutanen yankin ake nemansa. Kafin ka nufi arewa, wajen Tilliya ko Tasara, ka tambayi wanda ya fito can.

Daga nan ka nemi fada. Ba lallai ta sa'o'inka kaɗai ba, wadda ake shan shayi ana buga dara, ana taɓa zancen gona da na gari. Watannin farko ka fi sauraro. Kalmar "a can Abijan ba haka ake yi ba" tana saurin gundurar mutane, alhali su ne suka zauna cikin tsadar abinci da yankewar wuta lokacin takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin. Idan lokacin kokowar Takobi ya zo, wadda a nan Tawa aka fara ta a 1975, ka ɗauki jikoki ku kalla tare, ko a fili ko a talabijin.

Game da ranar dawowa, ka zaɓi Nuwamba ko Disamba. Jikin da ya saba da iskar bakin teku ba zai ji daɗin faɗawa zafin Afrilu da Mayu kai tsaye ba, lokacin da ake wuce digiri 40. Da sanyi kuma kana sauka za ka tarar ana dashen albasa, sai ka nufi lambu a makon farko.