Yadda Ake Cin Tsere a Mario Kart 8 Deluxe

Yawancin waɗanda suka fara buga Mario Kart 8 Deluxe suna ɗauka cewa wasa ne na sa'a, wanda duk ya dace da makami mai kyau shi ke da nasara. Hakan ba daidai ba ne, domin a kwana ake cin wannan tsere, kuma wanda ya iya shan kwana zai riƙa shigowa cikin ukun farko ko da an yi masa ruwan makamai. Kamfanin Nintendo ya fara fitar da wannan wasan tseren motoci a kan na'urarsa ta Wii U a 2014, sannan ya sake shi da gyare-gyare a kan Switch ranar 28 ga Afrilu, 2017, inda ya sayar da kofi sama da miliyan 60, ya zarce kowane wasa a kan wannan na'ura. Hanyoyin tserensa sun kai 96 bayan ƙarin da aka kammala a 2023, amma dabarun da ake bukata a kansu ba su da yawa.

Kafin komai, ka duba bayan motarka, idan ka ga ƴar eriya a tsaye to taimakon sitiyari a kunne yake. An ƙara shi ne domin yara da sabbin shiga, yana hana mota faɗawa rami, kuma abu ne da ya cancanci yabo. Sai dai yana hana ka yanke hanya ta cikin ciyawa, yana kuma hana ka samun mataki na uku na ƙarin gudun da ake samu daga zamiya a kwana, saboda haka ka kashe shi da zarar hannunka ya faɗa. Ka fara da ajin 100cc, wato ajin matsakaicin gudu, ka zaɓi direba mai matsakaicin nauyi da mota mai saurin ɗaukar wuta, domin wanda ke koyo zai sha duka, kuma motar da ke saurin dawowa cikin gudunta ta fi masa amfani a kan wadda ke da gudun ƙarshe mai yawa.

A wajen tashi, ana ƙirga uku, biyu, ɗaya. Ka danna totur, wato maɓallin A, jim kaɗan bayan lamba 2 ta bayyana, ka riƙe shi har a saki tsere. Idan ka riga lokaci injin zai shaƙe ya yi hayaƙi, sauran motoci goma sha ɗaya su wuce su bar ka.

Zamiya ita ce ƙashin bayan wasan, kuma a kanta ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Idan ka tunkari kwana, sai ka danna maɓallin R ka riƙe, motar za ta yi ɗan tsalle, kai kuma ka karkatar da sandar sarrafawa zuwa ɓangaren da kwanar ta nufa kafin tayoyi su sauka. Motar za ta fara zamewa a karkace, tartsatsi ya fara fita daga tayoyin baya: shuɗi da farko, sannan ruwan goro, daga ƙarshe shunayya, wanda sabo ne a wannan fitowa ta Switch. Duk lokacin da ka saki maɓallin za ka samu ingizawa, kuma tsawonta ya danganta da launin da ka kai. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jira sai ya shiga tsakiyar kwana kafin ya fara zamewa, sai ya tarar da kansa a jikin bango. Ka fara tun daga nesa, daga gefen waje na hanya, ka matso ciki har ka kusa goge bakin kwanar, sannan ka saki a daidai inda hanya ta miƙe. Tura sandar cikin kwanar yana sa tartsatsi saurin canza launi, tura ta waje kuma yana faɗaɗa zamiyar, saboda haka babban yatsanka zai riƙa kai-komo tsakanin biyun. Kada ka nace sai ka ga shunayya a kowace kwana, domin ƙananan kwanoni shuɗi kawai suke ɗauka, kuma shuɗi biyu a jere sun fi shunayya ɗaya da ta kai ka cikin ciyawa.

Wannan muhimmanci na kwana ya samo asali ne tun daga wasan farko, Super Mario Kart na 1992. Masu ƙirarsa, ƙarƙashin Shigeru Miyamoto, sun so tseren mutum biyu a allo ɗaya, amma na'urar lokacin ba za ta iya nuna dogayen hanyoyi ga ƴan wasa biyu a lokaci guda ba, sai suka yi gajerun hanyoyi masu yawan lanƙwasa, suka kuma zaɓi ƙananan motocin da suka dace da su.

Sulallan da ke zube a kan hanya suna ƙara wa mota gudu har zuwa guda goma, kuma kana asarar uku duk lokacin da aka buge ka ko ka faɗa rami, don haka ka tattara su tun a zagayen farko. A duk tudun da motar za ta yi tsalle, ka danna R a bakin tashi domin ka sauka da ingizawa. Idan ka bi bayan wata mota daf da daf na ɗan lokaci, iska za ta ja ka gaba. A wuraren da tayoyi ke kwantawa su yi haske shuɗi, mota tana hawa bango da rufi, karo da abokin hamayya ma ƙarin gudu yake bayarwa.

Game da makamai, abin da akwatin da ka ɗauka a kan hanya ke ba ka ya danganta da matsayinka: na baya ke samun tauraro da harsashi da walƙiya, na gaba kuwa ayaba da ƙoƙon kunkuru kore da sulai. Idan kana gaba, makaminka garkuwa ne. Ka riƙe maɓallin L domin ayabar ko ƙoƙon ya rataya a bayanka, ya tare jan ƙoƙo mai bin sawu, kuma kada ka jefar da shi don kawai yana hannunka. Wannan fitowa tana ba ka damar riƙe abu biyu, sai dai ba a iya sauya jerinsu, don haka ka nufi akwati mai hawa biyu duk inda ka hango shi. Shuɗin ƙoƙo, wanda ya shigo tun Mario Kart 64 kuma yake neman na ɗaya kaɗai, ba ya jin ayaba. Ƙaho ne ke fasa shi idan ka busa lokacin da yake shawagi a kanka, saboda haka idan ka samu ƙaho kana gaba, ka adana shi komai tsawon jiran. Naman kaza kuma, wanda ke ba da ingizawa nan take, asara ne a yi amfani da shi a kan kwalta, a ciyawa ko yashi ake sakin sa domin a yanke kwana.

Wurin da ake gyara hannu shi ne tseren agogo, inda kake kai kaɗai da naman kaza uku, kana kuma iya bin fatalwar wani direba, wato hoton tseren da ya taɓa yi, ka ga inda yake fara zamewa. Ka ɗauki Mario Kart Stadium, hanyar farko a gasar farko, ka maimaita ta har ka daina taɓa bango, sannan ka gwada Mount Wario, wadda gangara ce guda ɗaya daga kan dutse mai ƙanƙara zuwa ƙasa. Idan ka fara haɗa maki 60 a gasar 150cc, wato ka zo na ɗaya a duka tsere huɗu, to ka isa shiga 200cc. A can sai ka koyi taɓa birki, maɓallin B, a tsakiyar zamiya ba tare da ka saki totur ba, domin a wannan gudun kwanonin da ka saba da su za su riƙa iso maka da wuri fiye da yadda idonka ya saba.