Yadda ake haɗa miyar cuku ta Faransa ba tare da ta tsinke ba

Ga masu son gwada miyar cukun da Faransawa ke kira Mornay, tushenta farar miyar madara ce mai suna béchamel, wadda ake zuba wa cuku daga ƙarshe. A narkar da bota giram 30 a tukunya a kan wuta kaɗan, a zuba fulawa giram 30, a juya na minti biyu har warin ɗanyen gari ya fita, amma kada a bari ta yi ja. Daga nan a riƙa tsiyaya madara rabin lita kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi, domin zuba ta gaba ɗaya ne ke kawo gudaji.

Inda akasari ake yin kuskure shi ne wajen cukun. Idan miyar ta yi kauri har ta kama bayan cokali, a sauke tukunyar tukuna, sannan a barbaɗa gurzajjen Gruyère, wani cukun Turawa mai tauri, kamar giram 80, saboda tafasa kan sa mai ya fito sama, miyar ta koma tsaki-tsaki. Cukun Cheddar na iya maye gurbin Gruyère, amma busasshen cukun Nijar ba ya narkewa. A ɗanɗana kafin a sa gishiri, a ƙara gyaɗar ƙamshi, a zuba a kan makaroni ko kifi.