Kurakuran da ke kayar da sabon mai gina shafin intanet

Yawancin shafukan da masu koyo ke ginawa lafiya lau suke aiki a kwamfutar mai su. Rigima tana tashi ne ranar da aka ɗora shafin a kan saba, wato kwamfutar da ke miƙa shi ga masu buɗewa a intanet, wani ya buɗe shi a wayarsa, ya rubuta sunansa na gaskiya. Abin da na fi gani shi ne, mutum ya gwada aikinsa da na'ura ɗaya da suna ɗaya, ya ce ya gama.

Mu fara da suna. Buɗe fom ɗin rajistar da ka gina, ka rubuta Sa'adatu ko Mu'azu, ka danna tura. Idan shafin ya watso maka saƙon kuskure, to ka kama babbar ɓaraka. Harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, yana amfani da alamar ' wajen nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan ka liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin, rumbun zai karanta 'Sa' a matsayin cikakken suna, sai ya ci karo da adatu, ya rasa inda zai sa shi. Wasu sukan "gyara" wannan ta hanyar hana alamar shiga fom gaba ɗaya. Wannan yana ɓata min rai, domin an yanke wa mutane sunayensu ne kawai, ramin kuwa yana nan. Ta wannan ramin mai kutse ke shigowa: ya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin kalmar sirri, sharaɗin ya zama gaskiya, ƙofa ta buɗe masa. Maganin shi ne a raba umarni da bayani. A harshen PHP, yi amfani da prepare na PDO, wato hanyar da PHP ke magana da rumbu, ka sa alamar ? a inda sunan zai zauna, sannan ka miƙa sunan daban ta execute. Python da Node ma suna da irin wannan hanya. Da ka yi haka, Sa'adatu za ta shiga da cikakken sunanta, mai kutse kuma rubutunsa zai zama rubutu kawai.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Wanda ya taɓa ganin "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ko "ɗaki" ya koma "É—aki", ya san abin da nake nufi. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ yana cin bait biyu (bait shi ne ma'aunin da kwamfuta ke ajiye bayani da shi). Idan burauza ta ɗauka da tsohon tsarin Windows-1252 aka rubuta shafin, sai ta karanta kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa. Sa <meta charset="utf-8"> a saman shafi, ka ƙara lang="ha" a kan alamar html. Amma wannan rabin aiki ne. Kafin fitowar rumbun bayanai na MySQL 8.0 a 2018, latin1 ne tsarin da rumbun ke zuwa da shi, kuma latin1 bai san haruffanmu ba, alamar tambaya yake mayar da su. Duba teburanka da kuma haɗin da ke tsakanin shafi da rumbu, duka su kasance utf8mb4. Idan kuwa ɗan akwati kake gani a gurbin harafin, laifin samfurin haruffan da ka zaɓa ne. Noto Sans na Google da Andika na SIL duk suna ɗauke da su. Ka tuna kuma a Nijar ƴ ake rubutawa inda ake rubuta 'y a Najeriya, don haka gwada akwatin bincikenka da duka biyun.

Kalmar sirri ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta, MD5 ma, tsohuwar hanyar rikiɗa ta, ya daɗe da tashi daga aiki. PHP yana da password_hash da password_verify tun fitowar 5.5 a 2013, layi biyu ne kacal.

Akwai kuskuren da ke cin kuɗi kai tsaye. Mai koyo ya haɗa shafinsa da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ya rubuta makullin sirri, wanda ke farawa da sk_live_, a cikin fayil ɗin JavaScript da ke zuwa burauzar kowa, ko ya tura shi GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu ta hanyar Git, tare da sauran aikin. Wannan daidai yake da ka kulle shago ka bar makulli a jikin kwaɗo. Makullin da ke farawa da pk_ ne kaɗai aka yi don burauza. Na sirri yana zama a saba, cikin fayil ɗin .env, shi kuma a rubuta sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba, tun kafin turawar farko. In ya riga ya fita, goge fayil ɗin ba zai cece ka ba, domin Git yana riƙe tarihin duk abin da aka taɓa ajiyewa. Soke makullin ka fitar da sabo nan take. Haka nan kada ka yarda da burauza idan ta ce an biya. Sabarka ce za ta ɗauki lambar cinikin ta tambayi Paystack, ta kuma duba adadin. Adadin da kwabo ake lissafa shi: wanda ya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar, naira 50 ya karɓa.

Yanzu ga mai waya. Ba tare da <meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1"> ba, waya za ta matse shafin kwamfuta cikin ƙaramin allo, rubutu ya zama sai an ja da yatsu biyu. Hotuna kuwa su ne ke cinye datar mutane. Hoton da aka ɗauko daga kyamarar waya yakan kai megabait huɗu ko biyar, a jera goma a shafin farko, mai buɗewa ya gaji da jira ya fita. Rage faɗin hoton zuwa abin da shafin ke buƙata, ka mayar da shi WebP, nau'in hoto mara nauyi, da manhajar Squoosh, ka sa loading="lazy" a kan waɗanda ke can ƙasa. Sannan danna F12 a Chrome, ka shiga Network, ka zaɓi saurin 3G, ka ga abin da mai raunin netwok ke gani. Mafi kyau ma, ari tsohuwar wayar wani a gida ka buɗe da ita.

Idan hotuna sun ɓace bayan ɗorawa, duba sunayensu. A wurin Windows, Hoto.JPG da hoto.jpg abu ɗaya ne, amma Linux, wanda yawancin sabobi ke amfani da shi, fayil biyu yake ɗaukarsu. Rubuta sunaye da ƙananan haruffa ba tare da tazara ba, ka kuma cire duk adireshin da ya fara da C:\ daga cikin shafin, domin wannan foldar tana kwamfutarka ne kaɗai.