Matakan Bambance Katirij ɗin Tawada na Asali da na Jabu

Masu shagunan buga takardu daga Ringim, Gumel da Bichi sun sha tambayata yadda za su gane katirij na asali idan sun shiga Kano saye. Ga matakan.

1. Ka rubuta lambar katirij ɗin da firintarka take ɗauka, misali 123 ko 305 na HP, kamfanin da ke ƙera firinta, kafin ka bar gida.

2. Ka duba kwalin, domin na jabu yakan zo da rubutu mai dusashewa ko harafin da aka rubuta ba daidai ba.

3. Ka taɓa bakin kwalin ka tabbatar ba a buɗe shi an sake liƙewa da gam ba.

4. Ka karkata hatimin tsaro mai ƙyalli na HP gaba da baya. Alamun da ke jikinsa dole su motsa.

5. Ka ɗauki hoton lambar QR ɗin hatimin (ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da waya ke karantawa) da wayarka, ka jira shafin kamfanin ya tabbatar da ita.

Hattara: a nan ake yawan yin asara, domin mai saye yakan ga ƙyallin kawai ya gamsu, alhali masu jabu ma suna buga hatimi mai sheƙi wanda ba ya motsi.

6. Ka tambayi farashi a shago biyu ko uku. Araha mai yawa abar tuhuma ce.

7. Ka karɓi rasit.

8. Ka saka katirij ɗin, ka karanta saƙon da firintar ta nuna, idan ta ce ba na asali ba ne ka mayar da shi tun rasit ɗin yana hannunka.