Yadda za ka sayi takalmin fata na gaske a Kano

Yanzu kasuwa ta cika da takalman da ake cewa fata ne alhali roba ce aka manna wa yadi a baya, ka saka wata biyu sama ta fara ɓarewa. Abin takaici kuwa a Kano ake wannan, garin da ake jima tun kafin kakanninmu, har fatar jar akuya da ayari ke ketare sahara da ita Turawa suka dinga kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Majema na nan a Ƙofar Wambai, dukawa na nan a cikin gari, Kurmi ma da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har yau ana sayar da kayan fata a ciki. To me zai sa ka bari a cuce ka?

Farko dai ka juya ka duba bayan fatar, ta cikin takalmin ko bakin inda aka yanka. Ta gaske za ka ga gashi-gashi kuma ba ta da santsi, in ka ga zare-zaren yadi ko soso to ajiye masa kayansa. Sannan ka sansana, fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta daban wanda ba ya ɓuya, roba kuwa warin gam da sinadari take yi. Ka danna da babban yatsa, fata za ta yi ƴan tamoji ƙanana ta koma, roba sai dai ta lotsa kawai. Wasu na cewa a kunna ashana, don Allah kar ka yi wannan a shagon mutane.

Amma ni inda na fi tsayawa shi ne ɗinki. Takalmin da aka haɗa sama da ƙasa da gam zalla ba zai jure zafin Kano ba, ranar watan Afrilu kan kwalta kaɗai ta isa ta saki gam ɗin, ka ga baki ya buɗe kana tsakiyar tafiya. Ka ɗaga ka duba ƙasan, ka ga zare ya zagaye shi kuma tazarar ɗinkin daidai take, sannan ka lanƙwasa shi a hannu ka ga ko wani wuri zai ɗaga. Wanda aka ɗinke ko ƙasan ya cinye baduku zai cire ya sa maka sabo, saman yana nan lafiya lau shekara da shekaru.

In kuma yi za a yi maka, wanda ni shi na fi so, to ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka taka takarda a zana duka biyun don da wuya ka ga ƙafafun mutum sun zo daidai cif. Ka faɗa wa badukun a fili cewa kirgi kake so na saniya in mai ƙarfi kake nema, ko ta akuya in taushi ka fi so, kuma ka ce a ɗinka ƙasan. Sau-ciki ne ko hafkoba ko buɗaɗɗe na saka wa da manyan kaya, ku gama magana kafin ka ba da kafin alƙalami. Kuma kar ka bari sai goman ƙarshe na azumi, lokacin aiki ya yi musu yawa, gaggawa za a yi maka.

Kulawa ba wuya. Da hunturu fata na bushewa ta tsage, sai ka goge ƙura ka shafa man kaɗanya kaɗan, ka bari ya sha kafin ka sa folish, amma ka sani zai ɗan duhunta mai haske. In ruwa ya dake shi da damina ka cusa tsohuwar jarida a ciki ka ajiye a inuwa, ban da rana ban da gefen murhu. In da hali ka samu guda biyu kana canjawa, gumin jiya ya bushe kafin ka sake sakawa.