Darasi na Tara: Shiga Kasuwar Kayan Gwari ba da Fargaba ba

Akwai mutanen da za su iya wuni a gona ko a gaban murhu, amma da an ce su je kasuwar Ɗan Magaji da ke Zariya su yi cefane sai gabansu ya faɗi. Ga hayaniya, ga 'yan dako na cewa a ba su hanya, ga mai kaya ya faɗi kuɗi da sauri. Tsoron nan yawanci daga abu biyu yake fitowa: rashin sanin farashi, da shakkar lissafin canji. Duka biyun ana koyonsu.

Fara da lokaci. Manoman fadamar Galma da na ƙauyukan kewayen Zariya da sassafe suke shigo da tumatir, tattasai, attarugu da albasa. Wannan lokacin na dillalai ne da masu sari, waɗanda suke sayen kwando-kwando. Idan kai sabon shiga ne, bari hantsi ya yi, cunkoso ya ragu, masu kasa kaya a ƙasa sun zauna. Su ne za su saurare ka. Idan babbar kasuwa ta yi maka girma, soma da ta kusa da kai, Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari.

Da ka shiga, kada ka saya a wurin mutum na farko. Zaga tukuna. Tambayi mutum uku ko huɗu kuɗin kashi ɗaya, ka riƙe a ranka, ko ka rubuta a 'yar takarda tunda yanzu ka iya rubuta lambobi. Tambaya ba saye ba ce, kuma babu mai kayan da zai riƙe rigarka don ka tambaya ka wuce. Ka ce masa "Allah ya ba da kasuwa," shi ke nan.

Karanta wannan hira. Kuɗin da ke ciki misali ne kawai, don farashi yana canzawa.

Mai saye: Salamu alaikum. Baba, ina kwana? Ya kasuwa?
Mai kaya: Wa alaikumus salam. Da godiya, 'yata. Me za a ba ki?
Mai saye: Tumatir ɗin nan kashi nawa?
Mai kaya: Naira 500.
Mai saye: Baba, ba ragi? Na saya 300.
Mai kaya: Albarka.
Mai saye: To, na ƙara, 400. Kashi biyu zan ɗauka.
Mai kaya: Kawo kuɗi, na sallama.
Mai saye: Na gode. A yi mini gyara mana.

Lura da cewa gaisuwa ta zo kafin ciniki. Wanda ya tsaya kan mutum ya ce "nawa?" ba sallama, shi ne yake jin tsada. Lura kuma, da aka ce mata albarka ba ta ji kunya ta gudu ba, sai ta ƙara tayi. Da rashin tayi akan bar arha. Sai dai tayi ma yana da ladabi: kayan 500 ba a taya shi 100, domin mutumin nan shi ya yi ban-ruwa, ya sayi taki, ya biya kuɗin mota. Kuma idan ka taya aka sallama, to ka saya. Tayawa a sallama sannan ka juya baya abin kunya ne a kasuwa.

Duba kaya da hannunka. Ɗaga na sama ka ga na ƙasa, musamman a kwando, don wasu sukan jera masu kyau a baki. Tumatir mai tauri ya fi daɗewa. Wanda ya fashe yana da arha amma sai a dafa shi a ranar. Albasa ta zama busasshiya, ba ta fara tsiro ba. Da rani, lokacin da noman fadama ya nuna, tumatir yana araha, shi ya sa wasu ke saya da yawa su yanka su shanya kauɗa. Farkon damina kuwa yakan yi tsada, don haka kada ka ɗauka cutarka ake yi.

Sai maganar kuɗi. Tun 2022 akwai tsoffi da sabbin takardun 200, 500 da 1,000, kuma duka ana karɓa. Kada ka dogara da launi, karanta lambar da ke jiki. Ware kuɗin cefane a aljihu ɗaya, ka nemi canji tun daga gida. Ƙirga canjinka a gaban mai kaya kafin ka ɗaga ƙafa; mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Idan ta waya za ka tura, sa ya karanta maka lambar asusu sau biyu, ka duba sunan kafin ka danna.

Aikin aji

1. Ka sayi kashi biyu na tumatir a 400 kowanne. Ka ba da 1,000. Nawa ne canjinka?
2. Rubuta sunayen kayan miya biyar da za ka saya gobe.
3. Ku tashi biyu-biyu, ɗaya mai kaya ɗaya mai saye, ku yi cinikin albasa, sannan ku yi musanya.